Haɗa kiɗan baroque da jazz ɓata gado ne?

Ka tambaya ko cuɗa kiɗan baroque na farko, wato tsohon kiɗan Turai na ƙarni na 17, da jazz a faifai ɗaya ɓarna ce. Ni dai ban ga ɓarna ba, ɗan'uwa. A Italiya ta ƙarni na 17, zamanin mai tsara kiɗa Monteverdi, ba a rubuta wa makaɗin da ke raka waƙa komai dalla-dalla. Layin ƙasa, wato amo mai kauri na gindin kiɗan, ake ba shi, shi ya cike sauran da kansa. Salon ciaccona kuwa gajeren amo ne mai maimaituwa, ana ƙirƙira a kansa nan take. Ai haka 'yan jazz suke yi.

Nemi faifan All'Improvviso na 2004, inda ƙungiyar L'Arpeggiata ta Christina Pluhar ta gayyaci Gianluigi Trovesi, gwanin busa clarinet. Abin da ke ɓata mini rai kawai shi ne a bar ganguna su danne murya mai taushi ta theorbo, wani irin molon Turai mai dogon wuya.