Ina Fakara da Zabon Daji Suka Shiga?

Tambaya: Na daɗe ina noma. A da, da wuya ka bi gefen gona fakara ba ta tashi a gabanka ba. Yanzu sai damina ta wuce ban ji kukanta ba. Feshin da muke yi ne ke kashe su?

Amsa: Malam, feshi na da hannu, amma ba ta inda ake zato ba. Ba kasafai za ka tsinci gawar fakara bayan feshi ba. Yunwa ce ke cinye 'ya'yan.

Babbar fakara tana cin hatsi da 'ya'yan ciyawa. Tsako kuwa, a makonni 2 zuwa 3 na farko, ƙwari ne abincinsa: tsutsa mai laushi, 'yar fara, tururuwa. Ka dube shi, ɗan mitsitsi kamar curin auduga, yana bin uwarsa yana tsattsagar ƙasan ganye. In maganin ƙwari ya share gonar, me zai tsinta? Maganin ciyawa ma, da ake ganin ba ruwansa da tsuntsu, yana kashe ganyen da ƙwarin ke zaune a kai. Sai uwa ta ƙyanƙyashe goma, ta tashi da biyu.

Wannan shi ne abin da Dick Potts, wani masanin tsuntsayen gona, ya gano a binciken da aka fara a 1968 kan makwarwar Turai a yankin Sussex na Ingila. Da aka gwada barin mita 6 na bakin gona ba a fesa masa maganin ƙwari, tsakin da ke rayuwa sun ƙaru.

Guba kai tsaye ma akwai ta. Irin shuka da aka cuɗa da magani, in ya zube a fili, tsuntsu zai tsince shi. Ƙwayar maganin ƙwari mai suna carbofuran guda ɗaya na iya kashe ƙaramin tsuntsu, shi ya sa Amurka ta fara janye ta a 1991.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mafaka. A ƙasa waɗannan tsuntsaye ke yin ƙwai, cikin duhuwar ciyawa ko gindin shinge. Mun nome har iyaka, mun sare kurmi, mun cinna wa sauran wuta. Uwar da ke kwanci a fili tsirara ta zama ta shaho da kare.

Don haka bar wa gefen gonarka ciyawarsa har a gama ƙyanƙyasa. Kada ka fesa sai ka ga ɓarna da idonka, kuma ka binne duk irin da ya zube.