Jinya ta yi tsawo: a ba da aron doki ko a sayar?

Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce jinya ta hana ka kula da kurun dokinka a Daura, kana tambayar ko aro za ka bayar ko sayarwa.

In likita yana sa ran ka miƙe cikin shekara guda, ba da aro. Amma ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu: wa zai sayi harawa, dusa da kanwa, wa zai biya maganin tsutsar ciki da yankan kofato duk sati 6 zuwa 8, kuma ko an yarda a yi hawan Sallah da shi. A mazhabar Malikiyya, dabbar aro in ta mutu ba da sakaci ba, mai aro ba ya biya, asarar taka ce. Ka sa wani ya riƙa leƙa shi duk wata, ya duba haƙarƙari da gadon baya, wurin da sirdi ke cin fata.

In kuwa ciwon ba shi da ranar warkewa, sayar da shi tun yana da jiki. Dokin da ya daɗe a turke yana cin hatsi ba motsi yakan kamu da ciwon ciki da kumburin ƙafa, farashinsa ya faɗi. Gab da Sallah masu saye sun fi yawa.