Daga ina jan yaƙutu ke samo jansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Gangare, cikin garin Jos, ina taya kawuna harkar duwatsu masu daraja. Abu biyu sun ɗaure mini kai. Wani mai saye ya ce mana rubi da safaya dutse ɗaya ne, haka ma emiral da akwamarin, alhali launinsu ko kusa bai yi kama ba. Sannan rannan na haska wani jan dutse da tocilar nan da ake duba kuɗi da ita, sai ya kama ja kamar garwashi. Kawu ya ce alamar na gaske ne. Daga ina jan ya fito, tunda hasken tocilar ba ja ba ne? Kuma maganar Kawu haka take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka gaishe mini da Kawu. Na ji daɗin tambayarka ƙwarai, domin abin da ka gani a tafin hannunka shi ne abin da muke shan wahalar nuna wa ɗalibai a allo.

Mai sayen nan gaskiya ya faɗa. Rubi da safaya duk korandam ne, wato haɗin alminiyom da oksijin, dutsen da a ma'aunin tauri yake da maki 9, daimon kaɗai ya fi shi cikin sanannun duwatsun ado. Larabawa ma suna ɗaya suke kiransu da shi, yaƙutu, kalmar da muka sani a Suratur Rahman, sai su ce jan yaƙutu ko shuɗin yaƙutu. Emiral da akwamarin kuwa duk beril ne, shi ya sa ake haƙo su a yanki guda, kamar wajajen Gwantu a kudancin Kaduna da kuma Nasarawa Eggon. Korandam zalla ba shi da launi, garau yake kamar gilashi. Beril zalla ma haka. Launin nan da ake biyan kuɗi dominsa, wani ɗan baƙo ne da ya shiga jikin dutsen tun yana haɗuwa a ƙarƙashin ƙasa yake jawo shi.

Kafin mu je ga baƙon, sai mun tsaya a kan haske kansa. Farin hasken rana gauraye ne na launukan da kake gani a bakan gizo. Idan ya ratsa dutse, dutsen ya kan riƙe wasu launukan, ya saki wasu. Abin da ya saki shi ne ke isa idonka. Ashe ke nan jan rubi ragowa ce, abin da dutsen ya bari bayan ya ɗebi rabonsa. Tambayar gaskiya ita ce, me ya sa yake zaɓe? Me ya hana shi shan ko wane launi daidai wa daida?

Amsar tana cikin abin da ake kira kimiyyar kwantam. A ƙarshen shekarar 1900 wani Bajamushe, Max Planck, ya ga lissafin hasken da abu mai zafi ke fitarwa ba ya fita sai an ɗauka cewa makamashi ba ya zuba kamar ruwan famfo, ƙulli-ƙulli yake fita, kamar ƙullin gishiri a teburin mai kayan miya. A 1905 Albert Einstein, yana ɗan shekara 26, ya ce haske kansa a ƙulle yake. Ƙullin haske shi ake kira foton, kuma girman ƙullin ya danganta da launi. Da ma'aunin da muke amfani da shi, ilektron-bolt, ƙullin jan haske kusan 1.8 ne, na kore kusan 2.3, na shunayya kusan 3.1. Gaba da shunayya akwai hasken da ido ba ya gani, altrabayolet, ƙullinsa ya fi duka waɗannan girma. Shi ne tocilarka ke fitarwa, ɗan shuɗin da kake gani gefensa ne kawai.

Hujjar Einstein mai sauƙi ce. Ka goge farantin tutiya ya yi fes, ka haska masa jan haske komai ƙarfinsa, ilektron, wato ɗan ƙanƙanin abin nan mai ɗauke da lantarki a cikin ƙwayar zarra, ko ɗaya ba zai fice daga jikinsa ba. Ka kawo ɗan raunanan altrabayolet, nan take za su fara fita. Mutum dubu da kowannensu ke tsallake taku ɗaya ba za su haye rami mai faɗin taku biyu ba, amma mutum guda mai dogon tsalle zai haye. A kan wannan bayani aka ba shi kyautar Nobel ta 1921. Shi ne kuma dalilin da atamfar da aka rataya a bakin shago take koɗewa ta ɓangaren da ke kallon rana: manyan ƙullukan ne ke tsinka haɗin sinadarin rinin.

To, ɗaya ɓangaren kuma, ilektron ɗin da ke cikin ƙwayar zarra shi ma ba a sake yake ba. A 1913 Niels Bohr, mutumin Denmak, ya nuna cewa matsayin ilektron kamar tsani ne. Kai da ke Gangare ka san bambancin gangare da tsani. A gangare duk inda ka so ka tsaya, a tsani kuwa ko kana kan wannan mataki ko kana kan wancan, babu tsayuwa a tsakani. Ilektron zai hau mataki na gaba ne kaɗai idan ƙullin hasken da ya zo ya yi daidai da ratar matakan biyu. Ba ya karɓar wanda bai kai ba, ba ya tara ƙanana su cika, ba ya kuma ba da canji. Ƙullin da bai dace ba sai ya wuce abinsa. A korandam zalla matakin farko yana da nisa, ratarsa ta haura ilektron-bolt 8, duk launukan bakan gizo babu mai kai shi, saboda haka duk suke wucewa, dutsen ya fito garau.

Kana iya cewa, wa ya kafa tsanin? Nan ne abin ya fi burge ni. A 1924 Louis de Broglie na Faransa ya ce ilektron yana da ɗabi'ar kaɗawa irin ta igiyar ruwa, a 1926 kuma Erwin Schrödinger ya fitar da lissafinta. Duk abin da ke kaɗawa a wuri matsattse, wasu sautuka ƙididdigaggu kaɗai yake iya bayarwa. Tsirkiyar gurmi da aka ɗaure ta kai biyu ba ta fitar da ko wane amo, sai nata. Ilektron da ke tsare a jikin zarra haka yake, matakan tsanin su ne amonsa.

Yanzu ga baƙon. A rubi sunansa kromiyom. Idan ya maye gurbin alminiyom kusan guda a cikin 100, sai ya zo da nasa tsanin mai gajerun matakai. Ɗaya ratar kusan 2.2 ce, daidai ƙullin kore mai rawaya, ɗayar kusan 3, daidai shunayya. Sai ya shanye waɗannan, ja ya wuce tare da ɗan shuɗi kaɗan, shi ya sa rubi mai kyau yake da ja mai zurfi.

Abin mamakin, koren emiral ma yawanci kromiyom ɗin nan ne ke jawo shi, wani lokaci tare da banadiyom. Baƙo ɗaya, gida biyu, launi biyu. Ka tuna mai kalangu. Fata ɗaya ce, amma idan ya matse tsarkiyar a hammata sautin ya hau, idan ya sassauta ya sauka. Kromiyom a duka duwatsun biyu oksijin shida ne ke kewaye da shi, sai dai matsin lantarkin da yake ji a korandam ya fi na beril ƙarfi. A emiral ratar ta sauko daga 2.2 zuwa kusan 2.05. Bambancin bai kai kashi 10 cikin 100 ba, amma ya isa ya sa dutsen ya koma shan ja da rawaya, ya saki kore. Akwai ma wani dutse, alekzandarait, da nasa matsin ya faɗa tsakanin biyun: da rana kore, a hasken kyandir ko fitilar ƙwai ja.

Shuɗin safaya, irin wanda ake samu a tsaunin Mambila, hanyarsa daban ce. Baƙi biyu ne maƙwabtan juna, ƙarfe (wato baƙin ƙarfe) da titaniyom. Haske ja da rawaya ya kan tura ilektron ya tsallaka daga ƙarfen zuwa titaniyom ɗin, sai shuɗi ya rage. Wannan tsallakawa tana shan haske sosai, abin da bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba ya isa ya rina dutse. Akwamarin kuma ƙarfe ne kaɗai a cikin beril. Ƙarfen da ya rasa ilektron biyu yana ba da shuɗi, wanda ya rasa uku yana ba da rawaya, idan suka haɗu sai dutsen ya yi kore-kore. Shi ya sa ake gasa akwamarin a zafin da ya kai wajen digiri 400, rawayan ya tafi, shuɗin ya tsaya. Gashi ba ha'inci ba ne, an saba da shi a kasuwar duniya. Ɓoye shi ne ha'inci. Duk dutsen da kuka san an gasa, ku faɗa wa mai saye. Kada kuma ka gwada a murhun gida, dutse mai tsaga a ciki fashewa yake yi.

Mu dawo kan garwashinka. Ilektron da ya hau tsani ba ya zama a can, dole ya sauko. A yawancin abubuwa yana saukowa ne a hankali, yana zubar da abin da ya karɓa a matsayin zafi, shi ya sa baƙar riga ta fi fara zafi a rana. A rubi akwai wani mataki a tsakiya mai riƙo. Babban ƙullin tocilarka ya ɗaga ilektron sama, ya gangaro kaɗan ya bar wa dutsen zafi, ya ɗan dakata a wannan mataki na kusan kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa, wanda a duniyar zarra dogon zama ne, sannan ya faɗo gaba ɗaya. Faɗowar nan ita ce ke fitar da sabon ƙulli na kusan 1.8, ja zur. Ba hasken tocilar ne ya dawo maka ba, dutsen ne ya ƙulla nasa. Ka lura, ƙullin da ya fito bai kai wanda ya shiga girma ba, domin an ci wani abu a hanya. George Stokes ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1852. Haka zaren da ke haskawa a takardar naira yake aiki, haka kuma omo ke sa farar shadda ta yi ƙyalli a rana. Bula kuwa ba ta fitar da haske, rawayan da ke jikin yadin take shanyewa.

Wannan dakatawa ta tsakiya ce ta haifi leza, na'urar nan mai fitar da siririn haske mai launi ɗaya. Idan aka tara ilektron masu yawa a matakin, ƙulli ɗaya da ya zo wucewa sai ya sa su riƙa faɗowa tare, kowanne ya fitar da ƙulli irinsa sak. Einstein ya hango haka a 1917, Theodore Maiman kuma ya kunna leza ta farko a Kalifoniya ta Amurka ranar 16 ga Mayu, 1960, da ɗan sandan rubi.

Rubin da Maiman ya yi amfani da shi na masana'anta ne, kuma nan ne zan saɓa wa Kawu, cikin girmamawa. Tun 1902 Auguste Verneuil na Faransa ya bayyana yadda ake narka garin haɗin alminiyom da oksijin tare da ɗan kromiyom a harshen wuta a samu rubi. Ba gilashi ba ne, korandam ne na sosai, tsaninsa ɗaya da na wanda aka haƙo. A ƙarƙashin tocila sau da yawa ya fi na ƙasa ci, saboda babu ƙarfe a jikinsa. Ƙarfe ya kan sace makamashin kafin ilektron ya faɗo, ya mai da shi zafi, don haka rubi na gaske mai yawan ƙarfe yana iya ƙin haskawa ko ya haska kaɗan. Jan sifinel ma, wanda dutse ne daban, yana da kromiyom kuma yana haskawa. Abin da tocilar ta gaya maka shi ne akwai alamar kromiyom, kuma da wuya dutsen ya zama ganet, wani dutsen daban mai kama da rubi, domin jan ganet da aka saba gani ƙarfe ne ke rina shi, ba ya ci. Wannan ma ba ƙaramin amfani ba ne. Amma ba ta gaya maka ƙasa ce ta haife shi ko tanderu ba. Wannan sai da gilashin ƙara girma mai ninki 10: na Verneuil ya kan nuna layuka masu lanƙwasa da ƙananan kumfar iska, na ƙasa kuwa layukansa miƙaƙƙu ne masu kusurwa. Dutsen da za a zuba wa kuɗi masu nauyi, a kai shi wurin masu na'urar gwaji.

Kada kuma ku yanke farashi da hasken waya. Farin ƙwan waya shuɗin haske ne da aka lulluɓe da sinadari mai mai da wani ɓangarensa rawaya, ja mai zurfi ya yi ƙaranci a cikinsa, kuma dutse ba ya sakin launin da ba a ba shi ba. Tsofaffin 'yan kasuwa da ke fita da dutse bakin ƙofa da hantsi sun san abin da suke yi.

Idan kana son ganin abin nan ba tare da dutse ba, ka daka ɗanyen ganyen alayyahu ko zogale, ka jiƙa shi a sifirit ɗin asibiti, ka tace ruwan a ƙaramar kwalba. A hasken rana kore ne shar. Ka shiga ɗaki mai duhu ka haska masa tocilar ta gefe, za ka ga ya koma ja. Sinadarin koren ganye ne, wanda a jikin shuka yake amfani da hasken wajen haɗa abinci, a kwalba kuwa ba shi da inda zai kai shi, sai ya mayar da shi waje. Ka nisanta sifirit da wuta, kada kuma ka haska tocilar a idonka ko na yara.