Tambayoyin Masu Karatu: District 9, Tausayi ne ko Cin Mutunci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli District 9, inda aka killace halittun wata duniya a unguwar bukkokin kwano a Johannesbag. Ya taɓa min zuciya, amma yayana ya ce fim ne na cin mutunci. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kowannenku yana da hujja.

Neill Blomkamp ne ya ba da umarninsa, ya fito a 2009. Tushen labarin unguwar District Six ce ta Cape Town, wadda gwamnatin wariyar launin fata ta keɓe wa fararen fata a 1966, aka tashi mutum sama da 60,000. Ki sake duba wurin da Wikus, jami'in da aka ɗora wa aikin tashin baƙin halittun, yake bin ƙofa-ƙofa da takardar tashi ta awa 24. Wani baƙon ya make takardar don fushi, sai aka ƙirga tabon hannunsa a matsayin sa hannu. Haka ake lulluɓe zalunci da rigar doka, kuma a nan fim ɗin ya fi ƙarfi.

Sai dai yayanki bai yi ƙarya ba. An nuna 'yan Najeriya a matsayin 'yan daba masu sayar wa baƙin abincin kyanwa da tsada, masu cin namansu don su iya sarrafa makamansu, har aka raɗa wa ubangidansu suna Obesandjo, mai kama da na tsohon shugaban Najeriya Obasanjo. Shi ya sa a Satumban 2009 ministar yaɗa labaran Najeriya, Dora Akunyili, ta nemi gidajen sinima su daina haska shi. A ganinmu wannan babban aibi ne ga fim ɗin da ya fito don yaƙar ƙyamar baƙi.