Kafin a baje gidan kakanku

Malam, ka ce gidan kakanku ne a wajen ganuwar Kano, ginin ƙasa mai zaure da soro, 'yan'uwa sun matsa a baje shi a yi na bulo, kana tambaya ko yana da darajar da za ta sa a bar shi. Na daɗe ina aikin gyaran irin waɗannan gidaje tare da magina, ga abin da zan ce.

Shiga zauren ka ɗaga kai. In ka ga ɗaurin guga, wato rufin ƙasa da ke zaune a kan ginin baka, to gidan ya fi ƙarfin a kira masa katafila. Azarar giginya gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta yi yawa. Shi ya sa magina ke jera ta, wata bisa wata, tana leƙowa daga bango kaɗan-kaɗan, suna lulluɓe ta da ƙasa har bakan ya haɗe a tsakiya. Fasahar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya nuna ke nan a masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Masu iya ta yau sun yi ƙaranci, kuma yawancinsu sun manyanta.

Kada kuma ka raina gidan don ba a cikin birni yake ba. Gidan Ɗan Hausa ma a Nasarawa yake, wajen ganuwa. Nan Hanns Vischer, Baturen da ake kira Ɗan Hausa, ya zauna, a unguwar ya buɗe makarantar boko a 1909. Ku je da masu son rushewar su ga yadda ginin ƙasa ke zama in an kula da shi.

Abin da nake roƙonka: kada ka bari a yi wa bangon filastar siminti da sunan gyara. Ƙasa tana shan lema ta kuma fitar da ita, siminti kuwa tsare ta yake yi a ciki. Na sha ƙwanƙwasa irin wannan bango in ji yana amsawa kamar ganga, a ɓamɓare filastar a tarar tubalin ya zama gari. Ruwa shi ne abokin gaba. A gyara indararo ya riƙa zuba nesa da gindin bango, a yi yaɓe da makuba kafin damina, a duba ko titin da aka cike ya fi daɓen gidan tudu, don wannan ke cin gidaje da yawa yanzu.

Batun 'yan'uwa kuwa, suna da gaskiyarsu, kowa na son ɗaki da banɗaki na zamani. Sai a yi sulhu: a bar zaure da shigifa da soron, a yi sabon ginin a baya cikin gida. In akwai tsohuwa a dangi da ta san maginin da ya yi shi da shekarar da aka yi, a zauna da ita a naɗi muryarta a waya tun yanzu, a ɗauki hoton kowane zanko da zanen bango kafin a taɓa komai.