Ni AS ce, kuma ban faɗa wa mai nemana ba

Tambaya: Anti, sannu da aiki. Daga wani ƙauye kusa da Ɗambatta nake. An taɓa gwada jinina a asibiti aka ce ni AS ce, yayata kaɗai ta sani. Ɗan kawuna ne ke nemana, an kusa kawo kuɗin gaisuwa. In faɗa masa ko in yi shiru? Tsorona kada a yaɗa cewa ina da cuta.

Amsa: Ƙanwata, ki faɗa masa, kuma tun kafin kuɗin nan su shigo gidanku. Ba duk abin da ke cikin mutum ake fitarwa ba, akwai wanda rufe shi ne mutunci. Amma wannan ba naki ba ne ke kaɗai, ya shafi 'ya'yan da za ku haifa.

Da farko ki kwantar da hankalinki, AS ba ciwo ba ne, nau'in jini ne na wanda ya gaji ƙwayar sikila, wato S, daga ɗaya kawai cikin iyayensa. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya haka jininsa yake, suna noma suna haihuwa lafiya ƙalau. Matsalar tana zuwa ne idan AS ta auri AS. A kowane ciki, yiwuwar a haifi mai sikila (amosanin jini), wato SS, 1 ce cikin 4. A kowane ciki fa na ce. Mutane da yawa suna ɗauka sai ɗa na huɗu, alhali akwai gidan da 'ya'ya uku a jere duk masu amosanin jini ne, akwai kuma wanda bai samu ko ɗaya ba. Idan kuwa shi AA ne, wato ba ya ɗauke da S ko kaɗan, ba za ku haifi SS ba.

Da yake auren zumunci ne, yiwuwar shi ma yana ɗauke da S ɗin ta ƙaru, tunda kakanninku ɗaya.

Shirun ma ba zai ɗore ba. Tun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano, kuma gwajin nau'in jini yana ciki, tare da na ƙanjamau da ciwon hanta. Ya ji daga bakinki yanzu ya fi ya gani a takarda bayan an sa rana, lefe ya shigo, kunya ta ɗaure kowa. A irin wannan gaɓar ce iyaye kan ce a bar wa Allah.

Ba sai kin tara dangi ba. Idan ya zo zance, ki ce masa kin yi gwaji kina so shi ma ya yi, ko yayarki ta isar masa in nauyin bakin ya yi miki yawa. Ku je babban asibiti, ke ma a sake miki, don ana samun kuskure a sakamako. Ku ce jinotaif kuke so, wato gwajin da ke nuna AA, AS ko SS, ba rukunin jini irin su O da B ba, ana yawan rikita su. Idan nasa ya fito AS, ku nemi likita ya zauna da Baba da kawu ya yi musu bayani da kansa.