Biskit Mai Siffar Dodo: Me Ya Sa Nawa Ke Bajewa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ɗana zai cika shekara 8, ya ga wani biskit na Turawa a wayar yayarsa, mai zanen gizo-gizo da jemage, ya kafe shi yake so a raba wa abokansa ranar walima. Na gwada, jemagun suka baje a wuta har ba a gane su, kwalliyar sukarin kuma ta yi ta zuba. Ba ni da abin yanka siffa, fur ɗinmu na gasa burodi ma ya lalace. Ki taimaka mini.
— Wata uwa, unguwar Zariya, Maradi

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana shi. Abin da ya gani na bikin Halowin ne da ake yi ranar 31 ga Oktoba. Asalinsa daga Ailan da Sikotilan yake, 'yan ci-rani suka kai shi Amurka a ƙarni na 19. Ba bikinmu ba ne, kuma ni ba na son ganin ƙoƙon kai ko kabari a farantin yara, don mutuwa ba abar wasa ba ce a gidajenmu. Amma tsoron wasa ai muna da namu tun kaka da kakanni: Dodo, kura, mujiya, ga Gizo da Ƙoƙi. Su za ki yi masa, ki samu tsohuwa ta zaunar da yaran bayan magariba ta buɗe musu da "ga ta nan, ga ta nanku".

Bajewar da kika gani laifin zafin garin nan ne. Bota ta narke tun ƙullin yana hannunki, shi ya sa bai riƙe siffa ba. Ki auna fulawa giram 300, bota 150, sukari 120, ƙwai ɗaya, ɗan gishiri da vanila. Kada ki sa yis ko hodar tashi, su ke kumbura shi su ɓata gefe. Ki haɗa bota da sukari, ki fasa ƙwan, sannan fulawa, da ya haɗe ki tsaya. Yawan murza shi ke sa biskit tauri. Ki ƙulle a leda, firiji awa ɗaya. In an ɗauke wuta, ki sayi ƙanƙara ki aza ƙullin a kanta cikin kula. Kuma don Allah ki yi aikin nan bayan asuba, ba da azahar ba. Ki murza shi kaurin rabin santimita, ki yanka, ki sake mai da su sanyi minti goma kafin gashi. Wannan sanyi na biyun shi mata suka fi tsallakewa, alhali shi ke riƙe fiffiken jemage.

Abin yanka ba matsala ba ne. Bakin kofin shayi ya isa zagaye. Jemage da mujiya kuwa, ki zana a kwali ki yanke, ki ɗora kan ƙullin ki bi gefe da tsinin wuƙa. Wanda yara suka fi rububi a gidana shi ne yatsun Dodo: ki mulmula ƙulli tsawon yatsa, ki tsaga gaɓoɓi da wuƙa, ki manna ɓarin gyaɗa a kai ya zama farce. Ki dai tambayi iyaye ko akwai yaron da gyaɗa ba ta karɓe shi ba.

Gashi: ki zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, ki rufe ya yi zafi kamar minti 15, ki aza farantin ƙarfe a kan ƙananan duwatsu uku, ki rufe, ki ɗora garwashi kaɗan a marfi. Da gefe ya fara ja-ja ki sauke. Mai fur ta sa zafinsa digiri 180, minti 10 zuwa 12.

Kwalliya kuma sai biskit ya huce sarai. Ki niƙa sukari ya yi laushi, ki tankaɗe da rariya mai ƙananan ido. A giram 200 ki riƙa ɗiga ruwan lemun tsami kaɗan-kaɗan har ya yi kauri kamar man goge baki. Turawa kan sa ɗanyen farin ƙwai, amma ni ba na ba ƙananan yara ɗanyen ƙwai. Garin koko zai ba ki launin duhu, jiƙon zoɓo mai kauri ya ba ki jan idon Dodo, kurkum kaɗan ya yi ɗorawar idon mujiya.

Yanar gizo ce ta fi sauƙi, ta fi kuma burgewa. Ki shafe zagayen da fari, tun yana ɗanye ki zuba na koko a ƙullin leda, ki huda ɗan baki, ki zana zobe uku ɗaya cikin ɗaya. Sai ki ɗauki tsinken sakace ki ja daga tsakiya zuwa gefe, ki zagaye da haka. Ki bar yaron ya ja tsinken nan da kansa.

A hunturu kwalliyar kan bushe cikin 'yan awoyi, a damina kuwa sai ta kwana. Ki gama komai ana gobe walima, ki rufe da rariya saboda ƙuda, sai sun bushe ki jera su a gwangwani mai marfi da takarda tsakani.